Tambaya da Amsa: Rana tana ƙona fatar ɗana zabiya

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina da yaro zabiya ɗan shekara 7 a unguwar Birni. Tun shigowar bazara, in ya dawo daga makaranta sai wuyansa da kunnuwansa su yi jajir, da dare raɗaɗi ya hana shi barci, wani lokaci har fatar ta yi bororo. Kakarsa ta ce a shafa masa man shanu. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A ba Kaka haƙuri, a ajiye man shanun, domin maiƙo yana riƙe zafi a fatar da ta ƙone. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa a ɗora a wurin, amma ban da ƙanƙara. A yawaita ba shi ruwan sha, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa idan raɗaɗin ya tsananta, kuma kada a fasa bororon.

Abin da ya fi damuna shi ne maimaituwar ƙunar. Fatar zabiya ba ta da isasshen sinadarin melanin da ke tare hasken rana mai cutarwa, saboda haka kowace ƙuna tana barin ɓarna, wadda idan ta taru shekara da shekaru takan kai ga sankarar fata. Rana ta fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, daidai lokacin da yara ke tasowa daga makaranta, kuma hazon hunturu ma ba ya tare ta gaba ɗaya. Ki sama masa malafa mai faɗin baki, domin hula ba ta rufe kunne da ƙeya, da riga mai dogon hannu wadda idan kika ɗaga ta a rana haske ba ya ratsa ta. Ki roƙi malaminsa ya bar shi a inuwa lokacin hutu. Idan da hali, a nemi man kariya daga rana mai lambar SPF 50 (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa) a farmasi, a riƙa sabunta shafawa duk awa 2, har da bayan kunne da bayan hannu.

Idan bororon ya yi faɗi, ko zazzaɓi, amai da jiri suka biyo baya, a kai shi asibiti nan take. Haka kuma duk gyambo ko ɓawon da ya yi makonni bai warke ba, a kai shi Babban Asibitin Damagaram likita ya duba.