Tambaya da Amsa: Yadda Ake Samun Gadon Katako Mai Ƙarko

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mahaifi ne da ke shirin aurar da 'yarsa ta biyu nan da wata biyar, in Allah ya kai mu. Lokacin auren yayarta na sayi saitin gado da sif da madubi a wani shagon kayan ɗaki, masu sheƙi ƙwarai, aka tabbatar mini cewa katako ne mai kyau. Ba a cika shekara uku ba ƙasan sif ɗin ya kumbura ya soma zubar da gari, ƙofofinsa suka saki, gadon kuma tun da aka kwance shi lokacin da suka sauya gidan haya bai sake ɗauruwa daidai ba. Ina so wannan karon in yi wa ƙanwarta na katako zalla, wanda zai jure. Ta yaya zan gane shi, kuma wane katako zan nema? Daga wani mahaifi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Alamomin da ka lissafa sun nuna cewa abin da ka saya a baya ba tsagaggen itace ba ne, allon MDF ne ko ɗan'uwansa na ɓarzajjen katako, wato garin itace da aka cuɗa da gam aka matse a inji, sannan aka lulluɓe fuskarsa da wata takarda ko leda mai zanen katako. Irin wannan allo yana da santsi, yana karɓar fenti da kyau, shi ya sa ya cika shaguna. Sai dai ba ya shiri da ruwa, domin da zarar ruwan goge ɗaki ya taɓa gindinsa sai ya tsotse ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. Ba ya kuma riƙe sukuru sau biyu: idan aka kwance aka mayar, ramin ya riga ya zama gari. Ga ma'auratan da za su fara zama a gidan haya, waɗanda wataƙila za su tashi sau biyu ko uku kafin su mallaki nasu, wannan aibi ne babba.

Mutane da yawa suna gwada kayan ɗaki da nauyi, su ɗaga gefen gado, in sun ji ya yi nauyi su ce katako ne na gaske. Wannan gwaji yana yaudara, domin MDF ya fi yawancin katakon da ake aikin gado da shi nauyi. Dunƙulensa mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri yakan kai kilo 700 zuwa 800, alhali busasshen iroko mai wannan girma yana wajen kilo 650, obece kuwa, wani farin katako mai taushi, bai cika kai 400 ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne duba inda fenti bai kai ba. Ka zaro durowa gaba ɗaya ka juya ta, ka leƙa bayan allon gado, ka durƙusa ka haska ƙarƙashin sif da fitilar waya. A bakin da aka yanke tsagaggen itace za ka ga layuka masu lanƙwasa da ƙananan ramuka kamar na allura, kuma zanen da ke fuskar katakon zai gangaro ya haɗu da su. Bakin MDF launin ƙasa ne bai ɗaya, ba layi ko guda. Bakin filawud kuwa hawa-hawa ne, siraran ɓawo biyar ko bakwai a manne. Idan an manna wani siririn tef a gefen don rufe bakin, ka shafa kusurwar da farce za ka ji inda ya tsaya. Haka nan idan ƙofofin sif huɗu suna ɗauke da zane iri ɗaya sak, har da ƙullin da ke tsakiya, to bugawa aka yi, domin itace ba ya maimaita zanensa.

Game da irin katakon, wanda na fi ba da shawara ga gado shi ne iroko ko maɗaci. Iroko daga dazukan kudu ake kawo shi, yana fara da launin rawaya-rawaya sannan ya rine zuwa ruwan ƙasa mai duhu, ba ya yawan motsi da sauyin yanayi, kuma gara ba ta cika damun zuciyarsa ba. Maɗaci, wanda 'yan katako suke kira mahogani, ja ne mai kyawun gani idan aka goge shi aka shafa masa mai. Kawo, da ake sayarwa da sunan afa, ya fi su duka nauyi da tauri, yana wahalar da kafinta kuma yana da tsada, amma ƙafar gadon da aka yi da shi takan wuce mai ita. Malaina ta fi araha, fara ce mai matsakaicin ƙarfi, ba laifi a yi cikin durowa ko shiryayyen sif da ita idan ta bushe sosai. Wanda ya kamata ka yi hattara da shi shi ne obece da sauran fararen katakai masu taushi, ba don ba su da amfani ba, sai don wasu masu sana'a suna rina su da jan launi su sayar a matsayin maɗaci. Ka danna farcen babban yatsanka a wani ɓoyayyen wuri: idan ya lotsa cikin sauƙi, ko ka kankare kaɗan ka ga fari a ƙarƙashin jan, ka san abin da ke gabanka.

Akwai masu neman madobiya saboda kyawun zanenta, itacen da masu sara a Taraba suke kira madrid. An yi mata mummunar sara don fitarwa zuwa Sin, har aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta kare dabbobi da tsirrai, wato CITES, ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun daga 2017. Ni dai ba na ƙarfafa wa kowa gwiwar nemanta, tunda iroko da maɗaci sun wadatar.

Duk da haka, Malam, sunan itace ba shi ne babban abin da ke kashe kayan ɗaki a ƙasarmu ba, ɗanyen katako ne. Wannan ne wurin da nake so ka fi mayar da hankali. Falankin da aka tsaga a Edo ko Ondo ko Kuros Riba aka ɗoro a mota yakan iso arewa da ruwa mai yawa a jikinsa, wani lokaci ruwan ya kai rabin nauyin busasshen katakon ko ya fi. Katakon da ya dace da aikin cikin ɗaki kuwa bai kamata damshinsa ya wuce kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari ba, kuma a garuruwa irin su Zariya da Kano da Sakkwato, inda iskar hunturu ke busar da komai, gara ya kusanci ƙasan wannan ma'auni. Idan kafinta ya yanka ɗanyen falanki ya haɗa gado da shi a watan Agusta, aikin zai fito lafiya ƙalau, ya yi kyau ranar jere, kowa ya yaba. Sai Disamba ta shigo, katakon ya saki ruwansa ya tsuke ta faɗinsa, mahaɗai su buɗe baki, allon gado ya tsage daga sama, ƙofar sif ta bauɗe ta ƙi rufuwa. A lokacin sai a ce kafinta ya yi ha'inci a irin katakon, alhali iroko ne na gaske, bushewa ce kawai bai yi ba.

Wata biyar ɗin da kake da su dukiya ce a nan. Ka samu kafintan da ka yarda da shi ku tafi kasuwar katako tare, ko 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko ta Dei-Dei a Abuja, ko wadda ke kusa da kai a Zariya da Kaduna, domin zuwa da kai ya fi aike. Ku tambayi falankin da ya daɗe a jibge, ba wanda aka sauke a makon ba. Busasshen falanki ba ya sanyi a tafin hannu, idan aka ƙwanƙwasa shi yana ba da amo mai kaifi, kuma garinsa ba ya dunƙulewa idan aka murza. Wasu manyan wuraren aiki suna da ƙaramar na'ura mai allura biyu da ke auna damshi, idan an samu a yi amfani da ita. Ku guji falankin da ke da farin gefe mai faɗi, domin wannan farin shi ne sashen da ke kusa da ɓawon itace, kuma shi ne abincin ƙwaro ko da a jikin iroko ne. Bayan saye, a jera falankan a inuwa inda iska ke ratsawa, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane biyu, a ɗora nauyi a sama, a bar su wata biyu ko fiye kafin a sa musu zarto. Kada a shanya su a rana tsaka, domin bayansu zai bushe ya tsage cikinsu yana ɗanye.

Daga nan sai haɗi. Ƙusa da gam kaɗai ba sa riƙe gado shekara ashirin. Kafintan da ya san aikinsa yakan fafe rami a jikin ƙafar, ya fiƙe bakin ɗayan katakon ya shige ciki dam, sannan ya sa gam. Dogayen katakan gefe kuma a ɗaure su da noti mai kauri ko ƙugiyar ƙarfe, yadda za a kwance a mayar sau goma ba tare da rami ya lalace ba. Gado mai ƙafa 6 da 6 ko 6 da 7 dole ne ya samu katako a tsakiya daga kai zuwa ƙafa, da ƙafarsa ta musamman da ke taka ƙasa, in ba haka ba katifa za ta lotsa a tsakiya komai tsadarta. Idan an haɗa, ka kama allon gadon ka girgiza shi da ƙarfi. Wanda aka yi da kyau ba ya ƙara, ba ya rangaji.

A kan sif kuwa ina da ra'ayin da wataƙila ba za ka zata ba. Ba lallai ne ya zama katako zalla daga sama har ƙasa ba, kuma sau da yawa hakan ba ya ma fi kyau, domin faffaɗan allon itace ya fi komai motsi tsakanin damina da hunturu. Abin da ya fi ƙarko shi ne a yi ginshiƙai da firam ɗin ƙofofi da ƙafafu da katako mai ƙarfi, a cike gefuna da baya da filawud mai kauri mai inganci, a kuma ɗaga gindinsa daga ƙasa kamar inci huɗu don ruwan goge ɗaki ya wuce ta ƙarƙashi. Wannan zai rage maka kuɗi, ya rage nauyi ranar tashi.

Sharaɗi guda da nake so ka kafa tun farko shi ne ka ga kayan tsirararsu kafin a shafa musu komai. Fenti mai kauri da abin cike rami suna ɓoye tsaga da farin gefe da ramin ƙwaro. Ku rubuta yarjejeniya a takarda a gaban shaida, a ambaci irin katakon kowane sashe, da awo, da ranar kammalawa, a biya wani kaso a farko, ragowar sai bayan ka duba. Ka sa ranar karɓa ta riga ranar jere da mako uku aƙalla, don warin fenti ya fita kuma a samu damar gyara. Kafin ka zaɓi kafintan ma, ka roƙe shi ya nuna maka aikin da ya yi shekara biyar da suka wuce a gidan wani, ba hoton da ke cikin wayarsa ba.

Na san akwai matsin da iyaye ke sha daga 'yan jere da masu zuwa ganin ɗaki, waɗanda idonsu ke kan girman allon gado da fitilun da aka jera a jikinsa. Idan kuɗin bai kai a yi duka da katako mai kyau ba, a zuba shi a kan gadon, a sauƙaƙa adon, madubi da durowar gefen gado su biyo baya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Gadona na katako ne, shekararsa biyu, amma kullum in na yi shara sai in tarar da wani gari mai laushi a ƙarƙashinsa. Gara ce, ko me? Daga wata uwargida a Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da alama ba gara ba ce. Gara daga ƙasa take hawowa, kuma takan gina siririyar hanya ta laka a jikin bango ko ƙafar gado. Gari mai laushi kamar fulawa aikin wani ƙaramin ƙwaro ne da ke yin ƙwai a cikin katako, tsutsarsa ta yi watanni tana ci daga ciki, sannan ta rikiɗe ta zama ƙwaro ta fito ta wani zagayayyen rami da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Ki sa a ɗage katifa a duba katakan da ke ɗauke da ita, domin yawanci su ake yi da farin katako mai araha ko da sauran gadon na maɗaci ne. Idan a nan ramukan suke, a cire su gaba ɗaya a fitar da su daga gidan, a sa sababbi busassu marasa farin gefe. Idan kuma a jikin ƙafa ko allon gadon ne, a fitar da shi waje, kafinta ya ɗura maganin ƙwarin katako a cikin ramukan da sirinji, ya shafe sauran wuraren da ba fenti, a bar shi ya sha iska kwanaki kafin a mayar ɗaki. Kada ki yarda a shafa masa baƙin man inji kamar yadda ake yi wa katakon rufi, domin warinsa ba ya fita kuma bai dace da wurin kwana ba, balle inda yara suke. Bayan an gama, ki shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashin gadon na tsawon wata guda ko biyu. Idan sabon gari ya sake zuba a kanta, a maimaita maganin, a kuma duba sif da durowar da ke kusa, domin ƙwaron yana tashi ya koma wani katakon.