Kafin ka zuba jari a filtar mai, zaga Sharaɗa da littafi a hannu

Wani mai shago a Ƙofar Ruwa ya aiko da wannan tambaya: "Malam, shekarata shida ina sayar da man inji da giris. Na tara naira miliyan 4, ina so in ƙara da filta, irin wadda ake zurawa cikin kwanso ta tace mai, in ta toshe a zare a sa sabuwa. Wani dillali a Legas ya yi mini tayin katan 60 gauraye da araha. In karɓa?"

Alhaji, kada ka karɓa. Sana'ar tana da kyau, Kano kuma na buƙatar ta, amma ba ta wannan ƙofar ake shiga ba.

Man injin da ka saba da shi, jarka ɗaya tana shiga injuna iri-iri. Filta kuwa kowace da lambarta da injinta. Biyu za su yi kama kamar tagwaye, amma zaren bakin wannan ya bambanta, ko robar da ke rufe ta ta ɗara da ɗan kaɗan, shi ke nan ba za ta zauna ba. Kayan da aka gauraya aka karya musu kuɗi, galibi kwantai ne da suka gagari wani. Za ka sayar da kaɗan, sauran su kwana a kanta suna shan ƙura, jarinka na kwance tare da su.

Abin da nake so ka fara yi ba ya cin ko sisi. Ɗauki littafi, ka ba shi mako uku. Shiga Sharaɗa da Bompai da Challawa da Dakata, ka nemi makanikan da ke kula da injuna, don su ne suka san abin da ke ƙarewa, ba manaja ba. Tambayi kowa: wane inji ne, wace lamba ce a jikin filtarsa, kwana nawa take yi, a ina yake samo ta, kuma kwana nawa yake jira. Roƙi tsohuwar da aka cire ka tafi da ita shago. Za ka tarar lambobi ƙalilan ne ke ta maimaituwa: na janaretocin Perkins da Cummins, waɗanda yawanci ake canja musu mai da filta bayan kimanin awa 250 na aiki, na raba ruwa da man gas, na man haidirolik a injunan narka roba. Waɗannan su ne kayanka. Da hunturu, in ƙura ta turnuƙe gari, cinikin filtar iska ma ƙaruwa yake yi, sai ka tanada tun Oktoba.

Sai ka koyi maganar maikiron, domin da shi ake auna ƙanƙantar dattin da filta ke tarewa. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum ya kai wajen 70, ido kuma ba ya ganin abin da ya gaza 40. Dattin da ke cinye famfon haidirolik da injekta (mai fesa mai cikin inji) bai kai wannan ba, shi ya sa ake sa musu filta mai maikiron 10 ko ƙasa da haka. Makanike zai ɗaga mai a kwalba ya ce ai fes yake, alhali ɓarnar na ciki. In ka ba mai buƙatar 10 filta mai 30, ba ta tare ƙananan dattin da ke ɓarnar. In ka ba mai tace kakkauran mai filta mai maikiron 1, kafin azahar ta toshe.

Masu matsar man gyaɗa da na waken suya ka bi su a hankali. Yawancinsu da injin tata mai ƙyalle suke cire gari, filtar kwanso ta ƙarshe ce, mai fito da hasken man. Abinci ne, don haka sai wadda aka yi don abinci. Farar filtar roba da masu fiya wata ke amfani da ita, mai inci 10 ko 20, ba ta jure mai mai zafi sosai, laushi take yi.

Jabu ne abin da ya fi damu na. Na taɓa sa an yanka guda biyu da zarto a gabana, fenti ɗaya, suna ɗaya. Ta gaskiyar takardarta a naɗe take cunkus, gam ya kama sama da ƙasa. Ɗayar ninkin takardar tsirara ne, ka zura yatsa tsakani, gam ɗin ya ɓamɓare. Irin wannan in ta kashe wa mutum inji, ba dillalin Legas zai nema ba, shagonka zai zo. Duk sabon mai kawo maka kaya, sayi ɗaya ka yanka tukuna. Filtar kamfanonin Donaldson da Fleetguard da Baldwin da Mann kuwa, nemi dilansu na gaskiya, ka karɓi rasiti.

Kuɗin kuma kada ka zuba duka. Rabi ya isa farawa, sauran ka riƙe don cike gurbin abin da ya fi tafiya. Kamfanoni za su ce a ba su bashin wata guda, wata kuma yakan zama uku. Kayan nan da dala ake shigo da su, ka kuma ga yadda naira ta yi tun Yunin 2023. Saboda haka ka yanka farashi a kan abin da za ka biya in za ka sake sarowa, ba abin da ka biya a baya ba. Sabon kwastoma ya biya nan take har sau uku kafin a buɗe masa shafi a littafin bashi.

In ka gama zagayen, turo mini lambobin da ka rubuta mu zauna mu fitar da goman farko. Allah ya sa albarka a nema.