Dalma a Ruwan Rijiya: Wace Takarda Kotu Za Ta Karɓa?

Tambaya: Barista, a unguwarmu cikin garin Katsina wasu na fasa tsofaffin batiran mota dab da rijiyar da muke sha. Mun kai ruwan gwaji, an turo sakamako ta WhatsApp cewa akwai dalma. Wannan ya isa mu kai ƙara?

Amsa: Malam, kuna da magana, amma hoton waya kaɗai ba zai ɗauke ta ba. Abin da lauyan ɗaya ɓangaren zai fara tambaya shi ne wa ya ɗebi ruwan, a wace kwalba, kuma hannun wa da wa ya bi. In tsohuwar gorar lemo ce, an gama da ku.

Ku sake ɗiba. Ma'aikacin ɗakin gwajin ya zo da kwalbarsa, a gaban mai unguwa, a rubuta rana, lokaci da lambar GPS ta rijiyar, a liƙe bakin kwalbar, duk wanda ya karɓa ya sa hannu. Ruwan da za a auna dalma ana ɗiga masa asid ɗin nitirik don kada dalmar ta manne a jikin kwalba, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Ku auna wata rijiya mai nisa da wurin, ku maimaita rani da damina. Ta haka ake nuna daga inda gubar ta fito, kuma nan yawancin masu ƙara ke faɗuwa. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya bai yarda dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita ba.

Ku karɓi takardar asali mai hatimi, wanda ya yi gwajin kuma ya shirya zuwa shaida. Duk abin da aka buga daga kwamfuta ko waya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar tabbatar da na'urar da ta fitar da shi. Kada a gyara lamba ko ɗaya a fayil.

Ku fara da rubuta wa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha, ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In NESREA ta yi nata gwajin, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa buƙatarku ta ganin sakamakon. Sulhu a gaban hakimi ya fi sauri, amma a rubuta shi. In sulhun ya ƙi, sai Babbar Kotun Jiha, ku nemi umarnin dakatar da aikin tare da diyya.

Kafin nan a daina shan ruwan, tafasawa ba ta cire dalma. A gwada jinin yaran, takardar asibiti ita ma shaida ce.