Likita Ya Ce Hawan Jini Ya Taɓa Bayan Idona

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 56, kuma shekara takwas ke nan da aka ce ina da hawan jini, amma gaskiya ba na shan magani sai na ji ciwon kai. A watan jiya na je a sauya mini tabarau, sai likitan ido ya ɗiga mini magani, ya haska ciki, ya ce jinin ya fara taɓa bayan idon. Wannan shi ne hawan jinin ido da ake faɗa? Wane maganin ɗigawa zan saya?
Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da jama'a ke kira hawan jinin ido, wato gilakoma, ciwo ne daban, wanda galibi yake da nasaba da matsin ruwan cikin ƙwayar ido. Naka kuwa hawan jinin jiki ne da kansa ya isa ratina, siririn tantanin nan da ke shimfiɗe a bangon ido ta ciki, wanda yake karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa.

Jijiyoyin da ke shayar da wannan tantani sirara ne ƙwarai, kuma idan jini ya daɗe yana dukansu da ƙarfi sai su tsuke, bangonsu ya yi kauri ya ƙandare, har wadda ke kawo jini ta danne wadda ke mayar da shi a inda suka gitta juna. Idan ɓarnar ta ci gaba, jini da ruwa sukan fara tsattsafowa, wasu wurare su yi fari-fari kamar ɓurɓushin auduga saboda jini ya daina isa gare su, daga ƙarshe kan jijiyar gani ya kumbura. Tun 1939 wasu likitoci uku a Amurka, Keith da Wagener da Barker, suka kasa wannan ɓarna mataki huɗu, kuma a matakai biyun farko yawanci mutum yana gani garau, ba ya jin komai. Saboda haka jiran ciwon kai da kake yi shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Bayan ido ne wurin da likita ke iya kallon jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da fiɗa ba, kuma abin da aka gani a can yakan nuna halin da jijiyoyin ƙoda da na ƙwaƙwalwa suke ciki.

Babu maganin ɗigawa na kemis, babu tabarau ko kwalli da zai gyara wannan. Maganinsa shi ne a sauko da jinin ƙasa da 140/90 a kuma tsayar da shi nan, ta hanyar shan ƙwayar da likita ya rubuta, irin su amlodipine ko lisinopril, kullum ba fashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen miya da yajin tsire. A gwada maka suga da ƙoda, domin ciwon suga ma yana cin wannan tantanin.

Idan jini ya daidaita, tsattsafin jini da fararen tabban sukan washe cikin makonni zuwa watanni, amma jijiyar da ta riga ta ƙandare ba ta komawa yadda take. Allurar cikin ido da ƙuna da hasken leza sai idan wata jijiya ta toshe, tsakiyar ratina ta kumbura ko sababbin jijiyoyi marasa ƙwari suka tsiro.

Ranar da ganinka ya dushe farat ɗaya, ko awo ya kai 180/120 tare da matsanancin ciwon kai, kada ka ninka ƙwaya a gida, ka nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko asibiti mafi kusa, domin irin wannan jinin a hankali ake sauko da shi. In ba haka ba, ka koma a duba bayan idon aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ka tafi da mai tuƙa ka, saboda maganin buɗe ido yana sa gani dishi-dishi na 'yan sa'o'i.