Tambaya da Amsa: Haɗe ƙananan faifai cikin manya a babbar kwamfuta

Tambaya: Ni ma'aikacin sashen ajiyar bayanai ne, muna aiki da babbar kwamfutar IBM mai tsarin z/OS. An umarce mu da mu kwashe abin da ke kan faifai 30 samfurin 3390-3, mu zuba shi a kan 3390-54 guda biyu. Lissafi ya nuna wurin zai isa har da rara. Ko akwai wani abin lura bayan wannan?

Amsa: Malam, lissafinka daidai ne, domin 3390-3 silinda (ma'aunin wuri a kan faifai) 3,339 gare shi, 3390-54 kuwa 65,520. Sai dai yawan wuri ba shi ne zai ba ku ciwon kai ba.

Ka fara da VTOC, wato jadawalin da ke rubuce sunan kowane fayil da inda yake kwance a kan faifan. Kowane layi (track, wato zagayen da ake rubuta bayanai a kansa) na faifan 3390 yana ɗaukar shigarwa 50 ne kacal, saboda haka jadawali mai layi 15, wanda ya wadaci ƙaramin faifai shekara da shekaru, bai wuce shigarwa 750 ba. Idan ka tara fayilolin faifai 15 a ƙarƙashin irin wannan jadawali, zai iya cika alhali rabin faifan babu kowa, kuma daga nan ba sabon fayil da zai shiga. Ka yanka masa wuri mai yalwa tun lokacin shirya faifan da manhajar ICKDSF, tare da fihirisarsa, haka kuma VVDS, wato fayil ɗin da ke riƙe bayanan katalogi (rajistar sunayen fayiloli) na faifan, don faɗaɗa shi daga baya ya fi wahala nesa ba kusa ba.

Abu na biyu, wanda a ganina aka fi sakaci da shi, shi ne cunkoso. A asali kowane faifai adireshi ɗaya gare shi, buƙata ɗaya yake karɓa a lokaci guda, sauran su jira. Kun toshe ƙofa 30 kun bar biyu ke nan. Maganinsa HyperPAV, wanda ke ara wa faifai ƙarin adireshi a duk sa'ad da aiki ya yi masa yawa. Bayan ƙaura kuma ka riƙa duba IOSQ, wato lokacin da buƙata ke jira kafin faifai ya karɓe ta, a rahoton RMF, manhajar auna aikin kwamfutar.

Fayiloli biyu masu suna ɗaya ba sa zama a faifai guda, don haka ka zaƙulo waɗanda ba su cikin katalogi kafin ranar kwasa. Ka kuma sake duba iyakar cika da aka sa wa rukunin ajiya na SMS, wato tsarin da ke sarrafa wurin ajiya a z/OS, domin barin kashi 10 cikin 100 a tsohon faifai silinda 334 ne, a sabon kuwa 6,552.

Idan wata rana aka ce ku koma EAV, wato faifan da ya zarce silinda 65,520, wanda ya zo da z/OS 1.10 a 2008, ka sani cewa a sashen da ke sama da silinda 65,520 ana raba wuri ne silinda 21-21, har fayil mai buƙatar 22 ya cinye 42.