Yaya Ake Ƙirga Masu Kwana a Waje a Garin Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙungiyarmu ta matasa a Tudun Wada kan raba barguna duk hunturu. Bara mun fita da guda 200, suka ƙare tun ba mu bar bakin kasuwa ba. Bana muna son sanin yawan masu kwana a waje kafin mu nemi gudummawa. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri. Kafin kowa ya ɗauki biro, ku fara daidaita baki a kan wanda za ku ƙirga, don a nan ƙirge ya fi lalacewa. A Kaduna kwana a waje daban, rashin matsuguni daban. Ku leƙa tashar Kawo ko ta Mando da ƙarfe biyun dare. Ga direba a miƙe cikin motarsa yana jiran lodin asuba, ga fasinjan da dare ya yi wa, ga ɗan dako a kan buhunan da aka bar masa tsaro. Ga ɗan ga-ruwa da ya zo ci-rani, yana da gida da iyali a ƙauye, ya ƙi kama ɗaki ne don kuɗin ya isa gida. Can gefe kuma dattijo ne ya shimfiɗa kwali, ya yi matashi da takalminsa, ba shi da inda zai nufa ko gari ya waye. Sanyi ɗaya ke dukansu, amma buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Don haka takardarku ta kasu gida huɗu: wanda ba shi da makwanci ko'ina, ɗan ci-rani, wanda aiki ko tafiya ta tsare, sai wanda ba a tantance ba. Almajiran da ke kwana a zauren malaminsu ku yi musu lissafi daban ta hannun malamin. Yaron da ya bar makaranta ya koma kwanan rumfar kasuwa kuwa, gidan farko zai shiga.

Hanyar da aka fi bi ita ce ƙirgen dare ɗaya. Amurka na yin nata cikin kwana goman ƙarshe na Janairu, a Ingila kuma kowace ƙaramar hukuma kan zaɓi dare guda tsakanin 1 ga Oktoba da 30 ga Nuwamba. A nan ma Disamba ko Janairu ya fi. Da bazara, a Maris da Afrilu, zafi kan fito da masu ɗaki ƙofar gida da tabarmarsu, sai adadi ya kumbura. Da damina mutane kan shige kangaye, ba a ganinsu. Goman ƙarshe na azumi ma ku kauce mata, masallatai cike suke da masu itikafi da tahajjud.

Ku fara ƙarfe ɗaya, ku gama ƙarfe huɗu. Kafin ɗaya mai shayi bai tashi ba, ba za ku bambance mai hira da mai kwana ba. Da an yi kiran assalatu kuwa an naɗe tabarmi.

Rabin aikin da rana ake yin sa, mako biyu kafin daren. Garin ya ratsa ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, da sassan Chikun da Igabi. Ba za ku iya game shi ba, ku zaɓi iyakarku ku rubuta ta. Ku tambayi masu gadi, 'yan kamasho, ladanai da masu unguwa inda ake kwana: ƙarƙashin gadar Kawo, rumfunan Kasuwar Barci da kewayen Kasuwar Gumi, tashar Television, barandar shagunan titin Ahmadu Bello. Kowane yanki kada ya wuce abin da mutum uku za su taka da ƙafa cikin awa uku, kuma a fayyace wane gefen titi ne na wa, don kada a ƙirga mutum sau biyu. A sanar da ofishin 'yan sanda da 'yan sintirin unguwa a rubuce, amma kada mai kaki ya bi ku. Tun da gwamnatin jiha ta hana bara a 2015, da yawa na ganin kayan hukuma sai su sulale. Kada kuma ku raba komai a daren. Labarin bargo ya fi ku sauri, kafin ku isa layi na gaba an taru.

Wanda ke barci ba a tashinsa, ba a haska masa tocila a fuska, ba a ɗaukar hotonsa. Ku rubuta wuri, lokaci, namiji ko mace, yaro ko babba. In ya lulluɓe har kai, ku sa "ba a tantance ba", kada ku yi kintace. Manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox tana aiki a waya ko babu intanet, amma ku riƙe takarda saboda caji.

Duk ƙoƙarinku za ku tsallake wasu, musamman mata, waɗanda tsoro ke sa su raɓe a zauren mutane ko cikin shago. Birnin New York ya auna wannan giɓin da dabara mai sauƙi: a dasa mutane su yi kamar masu kwana a waje a wuraren da za a bi, masu ƙirge ba su san su ba. Misali, kun dasa 20 aka rubuta 15, ke nan kashi ɗaya cikin huɗu ya kuɓuce muku, in mutum 300 kuka ƙirga, ainihin adadin ya kusa zama 400. Washegari da safe ku koma wajen masu koko da ƙosai na kusa, ku tambayi mutane cikin ladabi inda suka kwana jiya. A nan za ku cike gidan waɗanda ba a tantance ba, kuma mace ta fi sakin jiki da mace.

In za ku faɗi sakamako, ku ce "a dare kaza, a unguwanni kaza, mun ga aƙalla mutum kaza". Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe ta 2006 ce, don haka adadinku zai yi wa Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna amfani. Ku ba da jimillar unguwa-unguwa, ban da ainihin makwancin kowa, kada a bi sawunku a kore su. Wajen sayen bargo kuma ku haɗa duka gidajen huɗu, har da 'yan ci-rani, ku ɗora giɓin da kuka auna.