Kafin ka biya kuɗin ɗakin nan na Bradford

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga hotunan ɗakin da ka samu kusa da jami'a a garin Bradford na Ingila, da tambayarka ko ka tura kuɗin haya tun kana gida tunda da araha. Ɗakin ba laifi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne banɗakin nan na ƙasa, bayan kicin.

Gidajen nan da ke jere manne da juna, yawancinsu an gina su kafin 1919. Bangonsu dutse ne ko jan bulo zalla, ba a bar sarari a tsakiya da zai tare sanyi ba. A da bayan gida a waje yake, daga baya aka jingina shi da gidan, sau da yawa da bulo layi ɗaya da daɓen siminti. Gidan da na saya haka na same shi. Hunturun farko, in zan yi alwalar Asuba ƙafata har zafi take yi don sanyin daɓen. Sanyin ma da sauƙi a kan danshi. Tururi na sauka a bango mai sanyi ya zama raɓa, raɓa ta jawo baƙar fumfuna. Mu kuma masu buta ne, ƙasan ba ya bushewa. Kada ka raina fumfunar nan, a 2020 ita ta yi sanadin rasuwar wani yaro ɗan shekara 2 a garin Rochdale na Ingila.

Na fara da shafa fenti, ba a yi wata biyu ba ta dawo. Sai da muka kankare bangon, muka bar shi ya bushe, sannan aka manna allon tare sanyi mai soso mai tauri a bayansa, kaurin santimita 5. Aka shimfiɗa irinsa a ƙasa kafin tayil, aka naɗe bututun ruwa don kada su daskare su fashe, aka sa ƙaramar hita. Banɗakin ya ƙara matsewa, amma na yarda. Abin da ya fi amfani kuwa shi ne fanka mai zuƙe tururi ta fitar waje, don in ka toshe ko'ina ba mafitar iska, danshin ka kulle a ciki.

Kai ɗan haya ne, ba ka da ikon taɓa bango sai da izinin mai gida. Don haka ka nemi takardar EPC, mai nuna yadda gida ke riƙe ɗumi daga A zuwa G. A Ingila doka ta hana ba da hayar gidan da ya gaza E, sai in an ba shi togiya. Ka tambaya ko kuɗin gas na cikin hayar. Sannan a yi maka kiran bidiyo daga cikin banɗakin, a haska bayan masai da gefen taga.

Ka turo mini takardar in duba. Ka gaishe da Hajiya.